Motar da Inna ta ƙi shiga

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya sanyin can? Ya Anti da yara, da fatan duk kuna lafiya. Mu nan Kusfa sai godiya, in ban da jikin Inna.

Yaya, motar jif ɗin nan da ka aiko don kai Inna asibiti da kwaso masara daga gona ta zame mini abin kuka. Ranar da maƙwabcinmu ya rasu a asibiti ana tsuga ruwa, hanya ta cika, ba motar da za ta wuce sai tamu. Na kwantar da kujerun baya na ɗauko gawarsa. Tun daga nan duk wanda aka yi wa rasuwa ni yake wa sallama, kuma ka san wannan ba a cewa a'a. Yanzu ko yara suka hango ni sai su tsaya da wasa.

Shekaranjiya numfashin Inna ya tashi, ga ruwa. Na kawo motar ƙofar gida, ta leƙo ta ce, "Auta, ranar da zan shiga wannan tana nan tafe, kada ka yi mini gaggawa." Na roƙe ta har da hawaye, ta koma ɗaki ta kwanta.

Don Allah ka kira ta, ko za ta ji taka. Ka gaishe da mutanen gida, ku sa mu a addu'a. Ina tsoron ranar da za ta shiga ba sai na roƙe ta ba.

Ƙaninka,
Auta