Takardata ta Sakandare

Yaya Nurudeen,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya Mma da mutanen Nima?

Ni lafiya lau nake a Zogbeli wajen Gwaggo. Tayar kekena na guragu ta sake lalacewa, amma tunda ba fita nake ba, da sauƙi.

Maganar aiki har yanzu shiru, wata bakwai ke nan. Aikin awa huɗu kawai nake nema a kwamfuta daga ɗaki, ko shigar da sunaye ne. In na je ofis, matakala ta tare ni. In na nema ta intanet, sai a ce mai digiri biyu ba za ta zauna ba. Jiya wata Madam Emelia ta ce min a waya, "Karatunki ya yi mana yawa."

Na gaji, Yaya. Na goge digirin duka biyun daga takardar neman aiki. Don Allah ka duba akwatin Mma, ka ɗauko takardata ta sakandare, ka turo min hotonta.

Kada Baba ya ji. Hoton ranar karɓar digirina kuma ka bar shi a bango, ya ci gaba da nuna wa baƙi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Fadilatu