Ba Mai Goyo a Hotunan Turawa

Zuwa ga Inna, a Zongo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki? Yaya ɗana Ridwane, yana cin abinci kuwa?

Ina lafiya, aiki na riƙe shi da kyau. Jiya tsohuwar da nake jinya ta sa na tura kekenta zuwa gidan tsofaffin hotuna a nan Italiya. Kowane ɗaki uwa ce rungume da jariri, wai Nana Maryam. Na ce, "Madam, duk matan nan ba mai goyo?" Ta yi ta dariya.

Kada ki damu, Inna, sanyin nan na fi ƙarfinsa. Bayana ne kawai ke shan iska. Ki goya min yaron da shuɗin zanina, ki ɗaure majanyi sosai.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Ramlatu