Rijiyar Urno

Urno, 10 ga Afrilu 1984

Zuwa ga maiɗakina Husaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗiyarmu Fatsima da maƙwabtanmu na barikin pompiye, masu kashe gobara. Ina zafin Yamai? Na iso lafiya, na iske mahaifanki, Inna da Baba, lafiya, sun karɓi saƙonki.

Husaina, ki zamna kafin ki ci gaba. Rijiyar bakin fadama ta ƙafe bana, mutanen gari sunka yanke a ƙara mata zurfi. Wanki, Yaya Maiguwa, ya shiga tare da abokin aikinshi Ɗanlami. Jiya da hantsi gefe guda ya rufta bisansu.

Da na isa, gari duk ya taru bakin rijiya, kuma duk wanda ya matso leƙe sai rairayi ya ƙara zuba ciki. Na yi ta kuwwa a ja baya, ba mai saurare, don ba kaki jikina, ɗan gida mai hutu suke gani. Sai da maigari ya ɗaga sanda. Waɗansu dattawa sunka ce a yi musu salla daga bisa a rufe, haka anka saba. Na roƙi a zura ni da igiya tukuna. Na soka bututun ƙarfe cikin ƙasar, na aza kunne. Husaina, ana ƙwanƙwasawa.

Tun jiya muke kwasa da hannu da ƙwarya, don in an sa felu, wato shebur, gefen sai ya motsa. Na aika Madawa a kawo muna tano, manyan gangunan ƙarfe, a fasa gindinsu, mu jera su ciki su tare ƙasa. Maigari ya hana ni sake sauka sai sun iso, shi ya sa na samu zaman rubutu. Ki yi haƙuri da rubutun. Inna na zamne ƙarƙashin gawo, ta ƙi ci ta ƙi sha.

Direban da zai kawo miki takardar yana jira. Ki yi addu'a.

Mijinki,
Halidu

Urno, 12 ga Afrilu 1984

Husaina,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta Fatsima. Na so a ce da bakina zan faɗa miki. Allah ya yi wa Yaya rasuwa. Allah shi jiƙanshi, shi ba mu haƙuri.

Zan faɗa miki yadda anka yi, don kar ki ji shi a bakin wani. Tano sun iso, munka jera, na sauka. Wajen azahar na tono kansu. Wani katakon da suke tsayuwa bisa shi ya gitta, ya bar musu ɗan wurin numfashi. Yaya na magana, ƙasa ta riƙe shi zuwa ƙirji. Ɗanlami na kusa da ni, ya suma, bakinshi cike da rairayi.

Wurin ba ya ɗaukar a tono mutum biyu tare. Na nufi Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Sai ya ce mini: «Halidu, ni ina shaƙar iska, shi ba ya shaƙa. Ɗauki wannan.» Abin da anka koya muna ke nan a bariki, na sani, amma ban motsa ba sai da ya daka mini tsawa.

Na tono Ɗanlami, na ɗaure shi, anka ja. Ina komawa kan Yaya, na fidda hannunshi guda ke nan, sai na ji tanon da ke can ƙasa ya yi ƙara ya lotse. Rairayi ya kwararo. Masu igiya sunka fizgo ni ina ce musu su bari. Da munka sake isa gare shi, rai ya yi halinshi.

Ɗanlami na gidan likita a Madawa, an ce zai tashi. An yi jana'iza, Baba ya riƙe hannuna ya sa mini albarka. Inna ba ta dube ni ba tukuna. Ban san mi za ki ce ba, amma ki ce wani abu.

Mijinki,
Halidu

Madawa, 3 ga Yuni 1984

Zuwa ga Husaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya haƙuri? Takardarki ta zo bayan na fara fidda rai. Na daɗe riƙe da ita ban buɗe ba.

Ba ki zarge ni ba, abu guda kika tambaya: ko Yaya ya tafi cikin tsoro, shi kaɗai. A'a, Husaina. Hannunshi na cikin nawa har anka raba mu, kuma na ji yana kalmar shahada, muryarshi ba ta rawa.

Ga dalilin da ban komo ba. Bayan addu'ar bakwai supurefe, mai mulkin yankin Madawa, ya kira ni, ya ce yana son a kafa ƙungiyar ceto nan Madawa, shugabana kuma ya yarda a aro ni. Ba mu da mota tukuna. Ɗaki guda ne, da igiyoyi, da bokitai, da tsani, da samarin da sunka riƙe mini igiya a Urno. Ɗanlami ya zo da kafaɗa ɗaure ya ce a rubuta shi. Na ce ya bari ya warke, ya zamna bakin ƙofa ya ƙi tashi.

Makon jiya rijiya ta rufta da wani makiyayi kusa da Sabon Gida. Da anka zo zura ni, sai na tuna rijiyar Urno. Na tsaya bakin rami, mutane na kallo. Na yi bisimilla na sauka. Wannan karon ba wanda ya matso, samarin sun kewaye wurin, kuma mun kafa katako kafin mu taɓa ƙasa. Mun fiddo shi da rai, yana tambayar ina raƙumarshi.

Na samu gida kusa da kasuwa, akwai inuwa a tsakar gidan. Ki taho da Fatsima kafin ruwa ya ɓata hanya. In kin iso mu tafi Urno tare, don har yau ban iya shiga ɗakin Inna ni kaɗai ba.

Ki gaida mutanen bariki duka.

Mijinki mai kewarki,
Halidu