Katin da Ya Bar Goggo Tumba a Waje

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, gwiwa biyu a ƙasa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Mu nan Jega Magaji lafiya lau muke. Jikokinki sun girma, shagon kasuwa yana nan, kuma har yau ban iya dama fura yadda kike so ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya kamfanin jirgin da nake bi ya aiko mini da saƙo cewa sun sabunta mini katin nan na zinare, wanda suke ba fasinjan da ya yawaita tafiya da su. Da rawar kaina na ɗauki hotonsa na sa a shafina. Kafin la'asar mata sun cika ni da tambaya: yaya ake samu, me yake tsinana wa mutum, ya kai wahalarsa? Na fara rubuta musu amsa, sai na ga ba zan iya faɗin gaskiyar katin nan ba tare da na ambace ki ba. Don haka ke zan rubuta wa, su kuma su karanta.

Kin san yadda na same shi. Shekara da shekaru ina jigilar abaya da turare da mayafai daga Dubai da Masar. Kowace tafiya kamfanin yana rubuta wa mutum maki, idan makin ya kai inda suke so cikin shekara sai su ɗaga darajarsa. Idan ya yi sanyi kuma su sauke shi, ba sani ba sabo. Akwai shekarar da na ga saura kaɗan in faɗo, na tashi takanas daga Jega na tafi Abuja, na hau jirgi zuwa Legas, na ci shinkafa a filin jirgi, na juyo ran nan. Ko allura ban saya ba. Da na ba ki labari kika dube ni kika ce, “To ke ko shamuwa ai da dalili taka tahiya.”

Ba zan yi wa katin butulci ba, yana da rana. Ana ƙara mini kilo a awon kaya, kuma duk 'yar kasuwa ta san abin da hakan yake nufi. Ranar da aka soke tashin jirgi, mutane na ta hayaniya a gaban kanta, ni an riga an nema mini wani. Akwai ɗakin hutawa da ake shigar da mu, da abinci da kujeru masu laushi, da wurin alwala mai tsabta inda mace za ta yi sallarta a natse. Wadda ta taɓa yin awa tara a kan kujerar ƙarfe da ciwon baya ba za ta raina wannan ba.

Wannan ɗakin ne na ƙwallafa rai sai kin gani. Ina so ki zauna a ciki, a kawo miki shayi, ki san cewa yawon da nake yi ba na banza ba ne.

Da Allah Ya nufa zan kai ki Umra, kika ce ƙafarki ƙafar Goggo Tumba. Masu karatu ba su san ta ba, bari in gaya musu. Aminiyarki ce tun kuna 'yan mata, tana kawo daddawa kasuwar Jega daga Karaye ta nan wajen Maiyama, ke kina sayar da man gyaɗa kusa da ita. Da yake ni ce 'yar fari, kunya ba ta barin ki ki ɗauke ni a gaban mutane, ko sunana ba kya faɗa. Ita ta goye ni. A ɗakinta aka yaye ni, na yi wata da watanni a Karaye ina shan kununta. Har kika bar duniya “ɗiyat Tumba” kike ce mini.

Muka isa filin jirgin Abuja mu uku, ku biyu kuna riƙe da hannun juna kamar za a sace ɗaya. Aka auna kaya, muka wuce bincike. A ƙofar ɗakin hutawar ne na tuna ƙa'idar da na sani sarai: mai kati da baƙo ɗaya tak.

Inna, da na yi tunanin minti ɗaya da na ce mu zauna waje gaba ɗaya. Ina! Zumuɗi ya rufe mini ido. Na nuna wa Goggo kujerar ƙarfe, na tara mata jakunkunan hannu da flas da butarku a gabanta, na ce ta tsare mana kaya yanzu za mu fito. Ta ce to. Na ja hannunki kina waiwaye.

Kika zauna a bakin kujera, ko jingina ba ki yi ba. Na cika faranti da nama da kek da 'ya'yan itace na ajiye miki. Ba ki kai ko loma ɗaya baki ba. Sai na ga kin zaɓi tsoka biyu da kek, kin naɗe a takarda, kina ƙullewa a gefen hijabinki. Na san wa za ki kai wa. Haka kike tun muna yara, ba a sauke tukunya a gidanmu ba a zuba na maƙwabta ba.

Wata ma'aikaciya ta zo, cikin ladabi wallahi, har da ɗan rusunawa, ta ce ba a fita da abinci daga ɗakin. Da Turanci ta faɗa. Ni na fassara miki da bakina, har ina ƙara cewa ki bari mana Inna, ana kallonmu. Kika kwance ƙullin a hankali, kika mayar da komai kan farantin, kika ce, “Wane irin gida na wanga, da ba a kai ma na waje?” Kika tashi kika fita.

Ni kuma, don ƙarfin hali, na zauna na shanye shayina.

Da aka zo shiga jirgi aka fara kiran masu kati. Na zo in tafi da ke, kika dubi layin, da tsofaffi a ciki wasu da sanda, kika ce, “In wuce wa? Da wadda munka taho, da ita za mu shiga.” Haushi ya kama ni na wuce ni kaɗai. Na zauna cikin jirgi wayam, ni da wasu Turawa biyu, ina kallon ƙofa fiye da rabin awa. Ku ne kusan na ƙarshe. Kina ɗauke da jakar Goggo, ita tana ɗauke da taki, kuma jirgin bai motsa ba sai da kuka zauna.

A Makka na yi niyyar ba ta haƙuri ya fi sau goma. Ga Ka'aba a gabana, ina roƙon Allah gafara da hawaye, amma na kasa juyawa in roƙi tsohuwar da ke gefena. Ita kuwa ko a fuska. Ta ci gaba da ce mini ɗiyata, tana ajiye mini dabino. Wannan ya fi duka ciwo. Ke ma ba ki sake tayar da maganar ba, kuma na san shirunki.

Muka dawo, na koma harkokina. Shekara ta zagayo ciwo ya kwantar da ke. Ina gefenki, alhamdu lillahi, ba na cikin wani jirgi. Na ce ki yafe mini, kika ce kin yafe duniya da lahira. Amma a dunƙule na roƙa, ban ambaci ranar nan ba, don tsoro. Sai kika kama yatsana kika ce, “Ki riƙe Tumba.” Na ce in sha Allahu.

Ban riƙe ta ba, Inna. Ta zo zaman makoki ta kwana bakwai, ina ta kewaye-kewaye don kada mu haɗa ido. Bayan nan sai aike: shinkafa da azumi, turare da salla, a hannun direbobin tashar Maiyama. Shekara biyu ina keta ƙasashe, Karaye da ke nan kusa ta gagare ni. Kullum na miƙa katin nan a ƙofar ɗakin hutawa sai in ce a raina amanar da aka bar mini ke nan na yar.

Saƙon kamfanin da tambayoyin matan nan su suka tashe ni. Na ce kafin in ba wata shawara, bari in je in ga abin da ya rage tsakanina da matar da ta goye ni. Ranar Asabar da hantsi na shiga mota.

Na same ta a tsakar gida tana tsince kalwa a faifai. Ta tsufa, Inna, idonta ɗaya ya yi hazo. Da ta ji sallamata ta saki faifan, ta rungume ni tana cewa yau ga ɗiyata, yau ga ɗiyata. Na durƙusa a gabanta. Na ce Goggo, na zo ne kan abin da na yi miki a Abuja, na mai da ke mai gadin kaya, ki yafe mini don Allah.

Ta ce gaskiya ranar ta ji zafi. Ba abincin ba, ta ce, kalmar nan ta tsare kaya. Ta ce amma me ya kawo tsohon zance, ai an gama shi tuntuni, tun ranar da na aiko ki.

Na ɗago kai. Ban gane ba.

Ta ce sati biyu da dawowarmu kika zo Karaye a motar haya, da ƙafar nan taki mai kumburi. Kika ce mata ni na turo ki, wai kunya ta hana ni zuwa, wai tun a jirgi nake kuka, na ce a ba ta haƙuri a kawo mata wannan. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati ta fito da zane. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye. Na gane ta nan take. Ni na sayo miki ita ta salla, na yi ta tambayarki ina ɗinkin, kina cewa tela ne bai gama ba.

Inna, ban aike ki ba. Ke ma kin san ban aike ki ba. Lokacin ina Dubai ina cinikin mayafai, ko tunanin Goggo ba na yi. Kika ɗauki laifina kika hau mota da shi, kika durƙusa wa ƙawarki a madadina, kika dawo gida ba ki ce mini uffan ba har kika koma ga Allah.

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai na rufe. Ban ƙaryata ki ba. Na ce mata, to Goggo, wancan aike ne, yau na zo da bakina. Ta share mini hawaye da gefen zanen, tana dariya tana cewa wane irin laifi ne wannan da za a biya shi sau biyu. Na wuni a can. Ta ba ni labarinki na ƙuruciya da ban taɓa ji ba, kuma Asabar mai zuwa zan koma da yaran.

Allah Ya jiƙan ki, Innata. Yadda kika rufa mini asiri ban sani ba, Allah Ya rufa miki naki ranar da asirai za su tonu. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ba Goggo Tumba lafiya da cikawa da imani, Ya ba ni ikon riƙe ta sauran kwanakin da suka rage mana. Amin.

Na gode, Inna. Na makara, amma na gode.

'Yarki,
Balkisu
Jega Magaji