Gujiyar da Na Ba Baƙi

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Jikata Surayya ta shigo mini da baƙi, masu binciken ciwon hanta. Tun da ta samu aiki da su take tafiya kamar ita ta gina asibitin Gummi. Sun ɗebi jinina da na maigidana Malam. Ya rufe ido, na ce, “Angon bana, ashe allura kake tsoro?”

Babbansu, Likita Nuraddeen, ya ce in ba su cikin tafin hannu ɗaya na gujiyar da muke ci, wai su gyaɗa suke ce mata. Wai fumfunar da ke kama ta tana cin hanta. Na shiga ɗaki na zaɓo masu manya manya, jajaye, cikin kwanon tangaran. Baƙo mai farar riga zan miƙa wa tsintuwa, ragowar da aka tsince ta ƙwarai aka bari?

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Miyar gujiya yau. Malam loma uku ya yi ya ture.

Talata, 19 ga Nuwamba

Sakamako ya zo. Hantata lafiya lau, na taka rawa a tsakar gida. Ta Malam ce ta ɗan taɓu. Gujiyata kuwa tas, babu guba. Likita ya rasa ta inda abin ya shiga, ya ce in ba a gano ba zai yi ta ƙaruwa. Ni dai na ce a ƙara masa fura.

Laraba, 20 ga Nuwamba

'Yar banzar nan Surayya ta same ni ina daka tsintuwa, waccan ƙanƙararriya mai baƙi baƙi.

“Kaka, wannan kuka ba likita?”

“Ke, hauka nake? Ta ƙwarai ta iri ce da baƙi. Wannan ce ta miya.”

Ta dafe kai. Na ce ta yi a hankali kar ilimin ya zube. Ba ta yi dariya ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na ƙulla musu tsintuwa a leda. Na ce wa Surayya ta ce ta maƙwabta ce. Ta ce, “Wallahi sunanki zan rubuta.”

Lahadi, 8 ga Disamba

An samu gubar a cikin tsintuwa. Likita ya ce an tare abin da wuri, har ya gode mini. Surayya ta ce yanzu kowane gida sai sun shiga madafa da kansu sun ɗiba, wai ni na koya musu. A ba ni farar riga mana.

Sauran tsintuwar na binne bayan rumbu. Wuri take ci, shi ya sa. Na buɗe kwandon ta iri na yi wa Malam miya. Ya ce, “Baƙo za mu yi?” Na ce ya ci ya yi shiru.