Fiyus Mai Lamba Goma

Jidda, 6 ga Safar

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya idon? Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Yaya Lubabatu da za ta karanta muku wannan takarda, da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, aikin asibiti yana tafiya, an kuma sabunta mana iƙama, wato takardar izinin zama, ba tare da wata wahala ba.

Aikinku ne ya biyo ni har Jidda. Kun san surukinku Munir ya sayi babur na hannu saboda zuwa aiki Madinar Masana'antu. Cikin mako ɗaya fiyus ya ƙone masa sau uku. A na ukun wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya cire mai lamba goma ya sa mai lamba ashirin. Tun daga nan bai sake ƙonewa ba, Munir yana ta murna.

Shekaranjiya da la'asar ya dawo, na sauko karɓar cefane, sai na ji warin nan da na sani tun ina ƙarama a shagonku na Tudun Wada, warin robar waya in ta fara narkewa. Na taɓa murfin gefen babur ɗin na ji shi da zafi, kuma ba zafin rana ba ne. Wayoyin nan ta ƙarƙashin tanki suka bi, Baba, kuma mutumin nan tsakanin manyan motoci yake tafiya kullum.

Na faki idonsa na zare fiyus ɗin na jefa a jakata. Da safe ya yi ta buga babur ya ƙi tashi, sai na faɗa masa gaskiya. Ransa ya ɗan ɓaci, ya ce shi bai san ya auri makanike ba, ya tafi ya hau motar kamfani.

Ni dai ina zargin wasu fitilu biyu da ya ƙara a gaba. Me kuka gani? Na san kun ce kun ajiye aiki tun da idon ya yi rauni, amma ba ni da wanda zan tambaya sai ku.

'Yarku,
Amatullah

Jidda, 13 ga Safar

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Saƙonku ya iso, shafi uku cur, har Yaya Lubabatu ta rubuta a ƙasa cewa hannunta ya gaji. Na karanta wa Munir wurin da kuka ce wanda ya sa babban fiyus ya mayar da wayarsa fiyus. Sai ya ce a gaida Baba.

Tambayar da kuka ce in yi masa na yi, wato a daidai ina fiyus ɗin yake ƙonewa. Ya yi tunani ya ce sau biyu a ƙofar kamfani ne, sau ɗaya a bakin lungunmu. Duk wuraren nan hagu yake karya kan babur har ƙarshe.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka tura babur ɗin garejin maƙwabcinmu Abdulghani. Dattijo ne haifaffen nan, kakansa ya zo hajji daga Katsina a ƙafa bai koma ba. Da can a Karantina suke, da aka rushe unguwar suka dawo kusa da mu. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya fito mana da akwatin kayan aiki da fanka, matarsa Mastura ta aiko da shayi mai na'ana'a.

Na yi yadda kuka ce. Na haɗa ƙwan fitila a gurbin fiyus, na kunna makulli, ƙwan ya kawo ɗan haske ja-ja. Na cire fitilun da nake zargi, babu abin da ya canza. Sai na ce Munir ya juya kan babur a hankali. Dama, shiru. Yana kaiwa ƙarshen hagu ƙwan ya haske garejin gaba ɗaya. Abdulghani ya ajiye kofinsa ya ce, "Halas ya binti, shi ke nan 'yata, kin kama shi."

A wuyan babur ne. Wata jar waya ta daɗe tana gogar ƙarfe har ta feƙe, tagullar a waje. Da muka ɗaga tanki muka tarar robar wayoyi uku ta narke sun manne da juna, tsakaninsu da bututun mai bai kai yatsa biyu ba. Munir ya daɗe a tsugune yana kallon wurin. Ni kuwa sai da na fita na sha iska.

Ashe fitilun ba su da laifi, ni ce na yi saurin yanke musu hukunci. Ku yi mini dariyar da na san za ku yi.

'Yarku mai ƙaunarku,
Amatullah

Jidda, 27 ga Safar

Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ku da kowa da kowa. Yaya ruwa a Zariya? Nan zafi ne da gumi, ko bango ka taɓa sai ka ji danshi.

An gama aiki. Mun yanke duk inda ya ƙone muka sa sabuwar waya mai kauri ɗaya da ta asali, muka yi dalma, muka zura ta cikin roba, muka ɗaure ta nesa da ƙarfen. Wani soket ya yi kore saboda iskar teku, shi ma mun canza. Fitilun mun ja musu layinsu daban da nasu fiyus ɗin, kamar yadda kuka ce. Munir da hannunsa ya mayar da mai lamba goma. Yau kwana goma sha biyu yana zuwa aiki yana dawowa, in na taɓa murfin sai in ji shi lafiya. Yanzu duk wanda ya shigo gidanmu sai ya ba shi labari, har yana ƙara gishiri.

Akwai abin da na daɗe ina son faɗa muku, wannan aikin ya tayar mini da shi. Kun tuna babur ɗin malamin firamaren nan da wayarinsa ya ƙone bayan kwana ɗaya da fita daga shagonku, kuka sake masa shi kyauta, kuka yi ta cewa tsufa ne ya fara kama ku? Ba ku ba ne. Kun tafi sallar azahar kuka bar ni da shago, na taɓa abin da bai kamata ba fiyus ya ƙone, tsoro ya kama ni na naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin alewa na mayar. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Yau shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe da maganar.

Ku yafe mini, Baba. Yaya Lubabatu, don Allah ki karanta wannan wurin a hankali, kuma ki rubuto mini abin da ya ce daidai yadda ya faɗa, kada ki gyara.

'Yarku,
Amatullah