Lattin Mai Guga

Litinin, 3 ga Maris
Mai guga ta sake yin latti. Kowa ya san dokar shagon ɗinkina: bakwai na bugawa nake rufe ƙofa, wanda ya mayar da latti sana'a ya kama gabansa. Na ce mata ranar Asabar za mu rabu. Na san ga yara, ga miji a kwance, amma ni ma ba gado na ci ba. Da keke ɗaya na fara.

Talata, 4 ga Maris
Auta ta ji labari. Tun da yarinyar nan ta dawo daga jami'a ba a cin abinci lafiya a gidan nan. Wai talauci ba lalaci ba ne. Wai a bar kowa ya yi kasuwancinsa, amma mai hali ya fi mara hali biyan haraji, a gyara asibiti da makaranta, a sa motocin haya masu araha. Na ce wato aljihuna kike hari. Ta ce, "Har da shi, Umma," tana dariya. Ja'ira, bakin ubanta ta ɗauko, Allah ya jiƙansa.

Na tuna mata keke ɗaya. Ta ce, "Kaka ce ta saya miki, ita ta riƙe mu kina ɗinki. Mai guga fa, wa ke riƙe mata nata?" Na ce ta tashi ta kwashe kwanuka.

Alhamis, 6 ga Maris
Yau 'yar cikina na rufe wa ƙofa. Ashe tun asuba ta tafi unguwar su mai guga don ta ga hanyar da idonta. Tare suka iso bakwai da rabi, kuma ta ƙi ƙwanƙwasawa, ta tsaya a waje tare da ita. Daga baya Auta ta zayyana min: layin famfo, kai yara gidan maƙwabciya, mota ta wuce a cike, sauran a ƙafa. Takalmi duk ya ci wa Auta dunduniya.

"Sau ɗaya na yi, Umma. Ita kullum."

Ban faɗa mata ba, amma wallahi ta burge ni. Masu irin wannan magana sun cika rediyo, ban ji wanda ya tashi da asuba ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Haraji dai ban yarda ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na lura cewa da ƙarfe bakwai babu ma abin gogewa, sai teloli sun fara fitar da kaya. Zaman jira kawai take yi. Daga jibi guga ƙarfe tara. Tsarin aiki ne, ba wani abu ba. Mai guga ta durƙusa za ta yi godiya, na ce ta tashi ta ba ni wuri. Auta na daga bakin ƙofa, ban bari mun haɗa ido ba.

Mai sa maɓalli ma, an ce unguwarsu ɗaya da mai guga. In ta zo jibi zan tambaye ta ƙarfe nawa take fitowa daga gida.